Girman iri da tsayin dutse: yadda ake auna guzurin da ke cikin ƙwayar iri

Kowace ƙwayar iri tana rabuwa da uwarta ɗauke da guzuri. Da shi ɗan tsiro yake rayuwa tun daga ranar da ya fasa ɓawo har ranar da saiwarsa ta kama ƙasa, ganyensa ya soma haɗa masa abinci da hasken rana. A kan manyan duwatsu, inda sanyi ke taƙaita lokacin girma, wannan guzuri ne ke raba wanda zai rayu da wanda zai mutu a makonnin farko. Mun tsara wannan jagora ne domin ɗaliban aikin gona da ilimin tsirrai, irin na Jami'ar André Salifou nan Damagaram, da ma'aikatan gandun daji, da masu renon itatuwa da ke karɓar iri daga Azbin. Abu guda muke so ya zauna tun daga farko: tsayin wuri shi kaɗai ba ya gaya maka abin da ke cikin iri. Sai ka auna, kuma sai ka raba lissafi biyu da mutane ke yawan cakuɗawa, wato kason sinadari a cikin giram ɗaya, da jimillar sinadarin da ke cikin ƙwaya ɗaya.

Abin da ke cikin ƙwayar

Ƙwayar iri kashi uku ce: ɓawo, ɗan tsiro, da ma'ajiyar abinci. A hatsi da dawa da sauran dangin ciyawa, ma'ajiyar ita ce garin nan da ke kewaye da ɗan tsiron, kuma mafi yawansa sitaci ne. A wake da gujiya da bagaruwa, abincin yana cikin ɓarin nan biyu da ke rabuwa idan an ɓare ƙwayar. Abincin kansa iri huɗu ne: sitaci, mai, furotin, da ma'adinai. Giram ɗaya na mai yana ba da ƙarfi kusan kilojul 38, sitaci kuwa kusan 17. Wannan ya sa ƙananan ƙwayoyi da yawa suka fi karkata ga mai, domin wuri kaɗan ne gare su. Riɗi misali ne a gabanmu: ƙwaya 1,000 ba su wuce giram 3 ba ko kaɗan sama da haka, amma kusan rabin nauyinsu mai ne. Furotin shi ne ma'ajiyar nitirojin, harafin N ɗin da ke jikin buhun takin zamani. Fosforas, harafin P, yawancinsa yana ɗaure ne cikin wani sinadari da ake kira fitat, wanda sai lokacin tsira yake sakinsa.

Abin da tsayi yake yi

Duk hawan mita 100, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 0.6. Zinder tana wajen mita 450 sama da teku, ƙololuwar dutsen Bagazam na Azbin kuwa, Idukal-n-Tages, mita 2,022 ce, ita ce mafi tsayi a Nijar. Tsakaninsu akwai bambancin digiri 9 zuwa 10. A duwatsun Alp na Turai, da tudun Tibet, da Kilimanjaro mai mita 5,895, ana hawa har a wuce iyakar da itace ke iya tsayawa, inda matsakaicin zafin lokacin girma yake faɗuwa ƙasa da digiri 6 zuwa 7. Daga nan sai gajerun ciyayi da ƙananan furanni manne da ƙasa.

Sanyin nan yana jan iri ta fuska biyu masu saɓani. Ta fuskar uwa, lokacin cika ƴaƴa gajere ne, ƙasa mai sanyi kuma ba ta saurin ruɓar da ganye ta saki nitirojin da fosforas, don haka akwai dalilin ƙwaya ta fito ƙarama. Ta fuskar ɗan tsiro kuwa, wanda ya faɗo a tsakuwa marar taki, da ƴan makonni kawai kafin ƙanƙara ta dawo, ya fi bukatar guzuri mai yawa, don haka akwai dalilin babbar ƙwaya ta fi wanzuwa. Binciken masana ya fito da duka biyun. A 1972 Herbert Baker ya nuna cewa a Kalifoniya nauyin iri yana raguwa yayin da ake hawa, kuma bincike da dama a tudun Tibet ya sami irin wannan. A 2005 kuwa Pluess da Schütz da Stöcklin suka kwatanta jinsunan tsirrai ƴan uwan juna, biyu-biyu har kashi 29, a duwatsun Suwizalan, ɗaya na kwari ɗaya na bisa. A fiye da rabinsu na bisan ne ya fi nauyin iri. Amma da suka bi jinsi guda daga ƙasa zuwa sama, ba su sami wannan tsari ba. Darasin aiki a nan shi ne dangin tsiro ya fi tsayin wuri tasiri. Dangin wake sun fi dangin ciyawa nitirojin ko a gindin dutse ko a kansa. Wanda ya kwaso wake a sama, ciyawa a ƙasa, ya ce tsayi ne ya ƙara furotin, ya auna dangi ne, bai auna tsayi ba.

Azbin ba Alp ba ne, kada a ruɗe. A can sanyi ne mai mulki, a nan ruwa ne. Duwatsunmu sun fi filin hamadar da ke kewaye da su samun ruwan sama da sanyi, shi ya sa zaitun na daji, Olea europaea laperrinei, ya saura a saman Bagazam, ko da yake da wuya a ga sabon tsironsa daga iri, sai dai tohon tsofaffin kututture. Saboda haka hawa a Azbin na iya zama sauƙi ga tsiro, ba wahala ba, kuma sakamakonka na iya fitowa akasin na littattafan Turai ba tare da ka yi kuskure ba.

Tsara aikin tun kana gida

Zaɓi jinsin da zai bi ka tun daga ƙasa har sama. A hanyar Tanut zuwa Agadas da cikin Azbin, duba kandili, jiga, magarya, aduwa, da ciyawar nobe, ka tambayi mutanen wurin iyakar da kowanne yake kaiwa. Jinsi biyu ko uku da aka bi da kyau sun fi ashirin da aka tsinta nan da can. Idan kana son kwatanta jinsuna dabam-dabam, haɗa su biyu-biyu daga dangi ɗaya.

Raba dutsen hawa uku ko huɗu, tsakanin kowanne mita 300 zuwa 400. Ƙasa da haka bambancin zafin bai kai digiri 2 ba, kuma inuwar wani dutse kaɗai na iya shafe shi. A kowane hawa nemi wurare uku aƙalla, nesa da juna, a kowane wuri kuma uwaye 15 zuwa 20. Wannan batu na wurare uku shi ne aka fi yi wa rowa, kuma shi ne ke rusa aiki. Idan wuri ɗaya ka ɗauka a kowane hawa, ba ka da hanyar sanin ko tsayi ne ya kawo bambancin ko kuwa wancan wurin makwancin awaki ne mai taki.

Mazauni ya zama iri ɗaya. Kandilin bakin kori, mai saiwa cikin damshi, a kwatanta shi da kandilin bakin kori a sama, ba da na kan tsakuwa ba. Haka fuskar gangare: mai kallon kudu ya fi mai kallon arewa shan rana, musamman da sanyi. Rubuta tsayin wurin da GPS na waya. Yakan yi kuskuren mita 10 zuwa 30, wanda ba komai ba ne idan hawanka na da tazarar 300. Ɗebi ƙasa rabin kilo daga zurfin santimita 20 na sama a kowane wuri, domin ba za ka iya fassara fosforas na iri ba in ba ka san na ƙasar ba. Kafin tafiya a nemi izinin hukumar gandun daji, balle a yankin Ayir da Tenere da UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 1991, a kuma bi shawarar hukuma kan hanya.

Tsinka

Nunanne kaɗai ake ɗauka. Ƙwayar da ba ta gama cika ba tana da ruwa da sukari da yawa, mai da sitacinta ba su kammala ba, kuma idan ta bushe sai ta motse. Matsalar ita ce sama ba ta nuna tare da ƙasa. Wanda ya yi tafiya ɗaya ya kwashe duka a mako guda, zai dawo da nunannen iri daga gindi da ɗanye daga bisa, ya rubuta cewa tsayi yana rage nauyi. Ko dai a koma sau biyu, ko a bar wa wani amintacce a can ambulan da bayani. Alamar nuna ita ce kwanson ya bushe ya canza launi, ƙwayar ta yi tauri har farce ba ya shigarta, kuma tana fita da ɗan girgiza.

A tsinka daga jikin uwa, ba daga ƙasa ba. Na ƙasa ba a san shekararsa ba, ƙwari sun riga ka, wani ma ya bi ta cikin akuya. A zagaya itacen a ɗebo daga kowace fuska, sama da ƙasa, domin ƙwayoyin reshe ɗaya sukan bambanta da na wani. Kada a kwashe fiye da kashi 20 cikin 100 na irin da ya nuna a ranar. Kowace uwa da ambulan ɗinta ta takarda ko jakar ƙyalle, da lamba a ciki da waje, da fensir, don tawada tana gogewa. Leda haramun ce a wannan aiki: rabin yini a cikin mota ya isa iri ya yi gumi, ya soma numfashi da ƙarfi yana cin guzurin da ka zo aunawa, fumfuna kuma ta biyo baya.

Busarwa da tacewa

Nan Damagaram mun yi dace. Lokacin hunturu damshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20, kusa da abin da manyan rumbunan iri na duniya ke kashe kuɗi su samar, domin rumbun Kew na Ingila yana busarwa ne a damshi kashi 15 da zafin digiri 15. A baza iri a faranti cikin inuwa, ɗaki mai iska, mako ɗaya zuwa biyu. Rana kai tsaye ko ɗakin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, yana kashe ɗan tsiro kuma yana lalata mai. Idan da damina ne, a sa ambulan cikin kwalba mai murfin roba tare da silika, wato ƙwayoyin nan masu shanye damshi, nauyi daidai da na irin, a sauya ta idan launinta ya canza. In babu silika, gawayi ko shinkafa da aka gasa suka huce a rufe suna aiki, sai dai a sa ninki biyu ko uku.

Irin kandili da bagaruwa kusan kullum yana zuwa da ƙwaron da ke cin wake daga ciki. Bayan ya bushe sarai, a rufe shi a kwalba a sa a sashen ƙanƙara na firigo mako guda. Ɗanyen iri ba a sa shi a ƙanƙara, ruwan cikinsa zai fasa shi. Idan an fito da kwalbar, a bar ta ta dawo zafin ɗaki kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa za ta kwanta a kan irin.

Sai gwajin yanka. Ɗauki ƙwaya 50 daga kowane wuri, ka raba kowace biyu da reza, ka duba da madubin ƙara girma. Mai kyau cike take, fara ko ruwan ƙwai, da tauri. Ƙirga fanko, da mai tsutsa, da motsattsa. Tsirran wurare masu sanyi sukan yi fanko da yawa, saboda ƙarancin ƙwarin da ke kai garin fure ko sanyin da ya katse cika. Idan ka auna su tare da cikakku, matsakaicin nauyi zai faɗi, kason ɓawo ya hau. Yawan fanko sakamako ne mai zaman kansa, a rubuta shi dabam.

Awo

Ƙa'idar ƙungiyar gwajin iri ta duniya, ISTA, ita ce a ƙirga ƙwaya 100 sau takwas, a auna kowane kashi dabam, a fitar da matsakaici, a ninka da 10 a sami nauyin ƙwaya 1,000. Idan warwatsuwar awon takwas ɗin, wato yadda suke nisantar matsakaicinsu, ta wuce kashi 4 cikin 100, ko 6 ga ciyawa mai ƙaiƙayi, a sake. Irin daji yakan wuce wannan iyaka ko an ƙirga daidai, don haka ga manyan ƙwayoyi ya fi kyau a auna 20 zuwa 30 ɗai-ɗai daga kowace uwa. A ƙirga da ido rufe, wato a zuba a raba tsibi biyu, a sake rabawa, har a kai adadin. Hannun mutum yana son manyan ƙwayoyi ko bai yi niyya ba.

Sikelin masu sayen zinariya, mai nuna 0.01 na giram, ya isa ga aduwa da magarya da kandili. Ga ciyawa da ƙananan furanni sai na ɗakin gwaji mai nuna 0.0001. Abin da ka ɗora ya kai aƙalla ninki 100 na ƙaramin abin da sikelin ke iya gani. A kashe fanka, a rufe taga, a gwada sikelin da nauyin da aka sani kafin a fara.

Duk lissafi a busasshen nauyi ake yinsa. Ware wani kashi, ka auna, ka sa a tandar ɗakin gwaji a digiri 103 na awa 17, ka bar shi ya huce a kwalba mai silika, ka sake aunawa. Abin da ya ragu, a raba da nauyin farko, a ninka da 100, shi ne kason ruwa. Kashin da za a kai gwajin sinadari kuwa a busar da shi a digiri 60 zuwa 70 na kwana biyu zuwa uku, don zafi mai yawa yana taɓa mai da sukari.

Kada a manta da ɓawo. Ƙwallon aduwa da na magarya mafi yawan nauyinsu katako ne da ɗan tsiro ba zai ci ba. A fasa 30, a auna ɓawo dabam, ciki dabam. Ƙwallaye biyu na iya zuwa nauyi ɗaya, ɗaya kauri ya yi, ɗaya cika. Guzuri yana cikin na biyun.

Gwajin sinadari

Akwai gwaji biyu da ba sa bukatar ɗakin gwaji. A daka ƙwaya, a ɗiga mata ruwan aidin, ko Betadine da aka sirka da ruwa: idan ta koma shuɗi mai duhu zuwa baƙi, akwai sitaci. A murƙushe wata a kan farar takarda, a bar ta ta bushe: tabon da haske ke ratsawa, wanda bai tafi ba, mai ne. Waɗannan suna nuna akwai ko babu, ba sa ba da adadi, amma sun isa su gaya maka gwajin da ya cancanci kuɗinka.

Ga adadi sai a nufi ɗakin gwajin jami'a ko na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar. Nitirojin ana fitar da shi da hanyar Kjeldahl, wadda ke nan tun 1883: ana dafa giram 0.2 zuwa 0.5 na garin iri cikin ruwan asid mai ƙarfi, a tace, a auna. Ana ninka sakamakon da 6.25 a kira shi furotin, amma a sani wannan kiyasi ne da ke ɗan ƙara wa yawancin iri, gara a rubuta nitirojin ɗin kansa. Mai ana jawo shi da na'urar Soxhlet, giram 2 zuwa 5 cikin heksan, ruwan sinadari mai narkar da mai, na awa 6 zuwa 8. Heksan yana kama wuta kamar fetur, ba aikin ɗakin kwana ba ne. Fosforas kuwa sai an ƙone garin ya zama toka a digiri 500 zuwa 550, a narkar, a auna launin da yake bayarwa idan an haɗa shi da sinadarin molibdat.

Yi lissafin yawan irin tun kafin tafiya. Idan ƙwaya ɗaya miligiram 0.3 ce, giram ɗaya yana cin fiye da ƙwaya 3,300, ga shi gwaje-gwajen uku na bukatar giram 4 zuwa 6. A irin wannan hali dole a haɗa na uwaye da yawa, amma a haɗa na wuri ɗaya kawai, kowace uwa ta ba da nauyi daidai da ƴar uwarta. Kada a haɗa wurare uku na hawa guda su zama samfuri ɗaya.

Abubuwan da ke ɓata sakamako ƙanana ne. Turmin da aka daka wake a ciki ba a goge ba yana ƙara wa na gaba nitirojin. Wasu sabulan gari na ɗauke da fosfat, don haka kwalaben gwajin fosforas da asid mai rauni da tataccen ruwa ake ɗauraye su. Iri mai mai yana manne wa turmi, man ya tafi da shi, sai a sanyaya shi tukuna a daka kaɗan-kaɗan. Gari kuma ba ya jira: a daka a ranar gwaji ko jajibirinta. A sa lambobi kawai a jikin samfurin, a cakuɗa jerinsu, kada a yi na ƙasa duka yau, na sama duka wani mako, domin idan na'ura ta ɗan kauce tsakanin ranakun zai fito kamar aikin tsayi ne.

Lissafin da ake tuntuɓe a kansa

Ɗakin gwaji zai ba ka kaso cikin ɗari. Ɗan tsiro kuwa ba kaso yake ci ba, abin da ke cikin ƙwayarsa yake ci. Ɗauki abin da ke kasuwar Dole. Wake yana da nitirojin wajen kashi 3.8, riɗi wajen 3.2, kusan kai ɗaya. Amma ƙwayar wake mai miligiram 150 tana ɗauke da miligiram 5.7 na nitirojin, ƙwayar riɗi mai miligiram 3 kuwa ba ta kai 0.1 ba. Ninki kusan sittin ke nan. Saboda haka kowane sinadari a rubuta shi layi biyu: kaso, da kuma kaso a ninka da busasshen nauyin ciki.

Yanzu a ƙaddara, don misali kawai, irin gindin dutse yana da nauyin miligiram 2.0 da fosforas kashi 0.40, na sama kuma miligiram 1.4 da kashi 0.50. Mai kallon kaso zai ce na sama ya fi wadata. Mai ninkawa zai ga na ƙasa yana da miligiram 0.008 na fosforas, na sama 0.007. Duka biyu gaskiya ne, amma tambaya dabam suke amsawa. Na farko yana nuna yadda uwa ta tattara abin da ta samu, na biyu yana nuna abin da ɗa zai fara rayuwa da shi. Sau da yawa ƙaramar ƙwaya tana fin babba kaso saboda ɗan tsiro, wanda shi ne mai yawan furotin da fosforas, ya cinye mafi yawan wurin, sitacin da zai sirka shi kaɗan ne. A duba kuma rabon nitirojin da fosforas tsakaninsu, a ajiye shi kusa da sakamakon ƙasar wurin.

Wajen zana jadawali, idan jinsunan sun bambanta ƙwarai a girma, a yi amfani da ma'aunin logaritim, wanda kowane matakinsa ninki ne na wanda ya gabace shi, in ba haka ba aduwa ɗaya za ta danne ciyawa goma a kusurwa. Kuma adadin samfurinka shi ne yawan wurare ko uwaye, ba yawan ƙwayoyin da ka ƙirga ba. Ƙwaya 800 daga itace ɗaya shaida ɗaya ce.

A tambayi ɗan tsiron kansa

Sinadari yana cikin ƙwaya ba ya nufin ɗan tsiro zai iya cin moriyarsa. A wanke yashin kori har ruwan ya fito garau, a jiƙa shi da tataccen ruwa, a gasa shi ya mutu, a zuba a ƙananan tukwane. A auna kowace ƙwaya kafin shuka. Rabi a ajiye a haske ba taki, rabi a cikin duhu sosai. Na duhu ba su da abin ci sai guzuri, don haka yawan kwanakin da suka yi kafin su faɗi awo ne kai tsaye. Na haske a cire su bayan mako uku ko huɗu, a busar, a auna saiwa dabam, kara dabam. A wasu tukwanen a gwada zurfi: rabin santimita, 1, 2, da 4. Nan ne ƙananan ƙwayoyi ke nuna iyakarsu, su tsira a ƙasa su ƙare kafin su ga rana.

Kafin wannan sai an karya barcin irin. Kandili da bagaruwa ɓawonsu ba ya shan ruwa, a goga gefe ɗaya da takardar yashi, nesa da idon ƙwayar, ko a zuba musu ruwan zafi a bar su su kwana. Hanya ɗaya za a bi ga duka hawa. Irin duwatsu masu ƙanƙara kuwa yawancinsa sai ya ga sanyi da damshi: a sa shi cikin yashi mai laima a firigo, digiri 4 zuwa 5, mako 8 zuwa 12, sannan a fito da shi wajen digiri 20 zuwa 25. Ɗaukewar wuta tana katse wannan, don haka a cika firigon da gorunan ruwa su riƙe sanyi, a ajiye ma'aunin zafi a ciki ana rubutawa safe da yamma. A Zinder Disamba da Janairu ne lokacin wannan gwaji. Wanda ya yi shi a bazara zai auna juriyar zafi ne.

Tambaya ɗaya ta rage wadda awo ba ya amsawa: girman nan gado ne, ko kuwa abin da uwa ta ci ne? Hanyar ganewa ita ce a shuka na sama da na ƙasa a fili ɗaya, ƙasa ɗaya, ban ruwa ɗaya, a hana su barbarar juna, a auna irin da suka haifa. Idan bambancin ya ɓace, wuri ne ya kawo shi. Idan ya zauna har zuriya ta biyu, gado ne. Ga ciyawa damina biyu ta isa, ga itace sai shekaru.

Ajiya da reno

A 2011 Andrea Mondoni da abokan aikinsa sun nuna cewa irin tsirran saman duwatsu ya fi na ƴan uwansu na kwari saurin mutuwa a ajiya. Ƙari a kan haka, tsiron da ya cika ƴaƴansa cikin sanyi yakan yi mai marar daskarewa, irin wanda iska ke saurin lalatawa. Ƙa'idar Harrington tana taimakawa: duk ragin kashi 1 na ruwan iri, tsakanin kashi 5 da 14, yana ninka kwanansa, haka ma duk ragin digiri 5 na zafin ma'aji. Ke nan irin da aka sauko da shi daga Bagazam aka bari a kanta cikin zafin Mayu yana tsufa ninki da yawa fiye da yadda zai yi a gidansu. A busar, a rufe a kwalbar gilashi mai roba a murfi, a sa a firigo, a gwada tsirar ƙwaya 50 duk shekara. Gwajin sinadari kuma a yi shi cikin watannin farko.

A wurin reno, ƙaramin iri a sama-sama ake shuka shi, zurfin da bai wuce ninki biyu ko uku na kaurinsa ba, mafi ƙanƙanta ma a yayyafa a danna kawai, a yi ban ruwa da abin feshi don kada ruwa ya binne shi. Shi ne kuma ke bukatar ɗan taki da wuri, da zarar ganyen gaskiya na farko ya fito, alhali babba yana iya jira. Rariya tana da amfani wajen fitar da fanko da motsattsu, amma idan don farfaɗo da daji ake renon, kada a tace a bar manya kaɗai. Yin haka yana zubar da zuriyar uwaye masu ƙananan ƙwayoyi gaba ɗaya, alhali ba a san wace ce a cikinsu ke ɗauke da juriyar fari ba. A ɗauki adadi daidai daga kowace uwa, a rubuta tsayin da aka samo shi a jikin kowace tukunya, a mayar da dashen hawan da ya yi kusa da inda ya fito.